Hantar da ke aiki cikin inji kafin a dasa wa mutum: muhawarar zauren 'yan Garwa da kewaye

Ɗan Rumde: Slm jama'ar zaure. Akwai wani bidiyo da ke yawo, hanta ce ta mutum cikin wani kwano na roba an jona mata tiyo-tiyo jini na shiga yana fita, wai kuma da ranta har ruwan madaci take yi alhali mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Masu ilimin lopital dan Allah gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne?

Yaya Mairo (nas, Beljik): Wslm ƙanena, gaskiya ne ba haɗi ba. Inji ne da ake ɗora hantar mamaci a kai kafin a dasa wa mara lafiya. Tun da can abin da ake yi shi ne a cire ta, a wanke jinin cikinta da wani ruwan magani mai sanyi, a ƙulle ta a leda a binne cikin ƙanƙara a kula, sanyi wajen digiri 4, sai a ruga da ita. Shi kuma injin nan riƙe ta yake a digiri 37 wato ɗumin jikin mutum, yana tura mata jini mai iskar oksijin ta manyan jijiyoyinta guda biyu, da abinci da insulin da maganin hana jini daskarewa, ita bata ma san an raba ta da mai ita ba. Wanda aka fi sani a nan Turai sunansa OrganOx metra, mutanen jami'ar Oksfod suka ƙera shi, an fara amfani da shi kan mutum a Landan a 2013, yana iya riƙe hanta har awa 24.

Baffa Mahauci (Marwa): Toh ni dai ban yi lekol ba amma hanta na san ta. Cikin duk kayan ciki ita ce bata da haƙuri, ka yanka sa da asuba in baka sayar da ita ba kafin azahar ta fara sake launi, ka sa ta a frigo ma washegari ba ita bace. Shi ya sa tun iyaye da kakanni in za a kai nama kudu da ransa ake loda shanun a Ngaundere, ba a yanka su a nan a ce ƙanƙara ta kai su Yawunde. Ina ga abin da Turawan suka gano kenan bayan dogon karatu 😂

Dokta (Ngaundere): Baffa wlh kun faɗi rabin darasin. Sanyi baya tsayar da lalacewa, rage mata gudu kawai yake. A digiri 4 ƙwayoyin hanta suna nan suna ɗan aiki kaɗan kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 na aikinsu, amma ba oksijin, sai su cinye ɗan ƙarfin da suka ajiye, wasu sinadarai su taru a ciki. Abin mamakin kuma babbar ɓarnar ba a cikin ƙanƙarar take faruwa ba, sai lokacin da aka ɗinke jijiyoyi aka saki jinin mara lafiya mai ɗumi ya shige ta a lokaci ɗaya. Nan abubuwan da suka taru suke haɗuwa da oksijin su ƙone ƙwayoyin, kuma duk dattin ya kwarara cikin jikin mutumin da ke kwance, wani jininsa ya faɗi ƙasa warwas a kan teburin operasiyon, wani zuciyar ta rikice. Shi ya sa likitocin dashe ke ƙoƙari kar hanta ta wuce awa 8 zuwa 12 a sanyi, in ma mai rauni ce basa son ta kai haka.

Alhajin Duwala: Ni fa ina da ja. Tun 1960 da wani abu ake dasa hanta da ƙanƙarar nan kuma mutane suna rayuwa, yanzu kamfani ya ƙero inji dole ya ce tsohuwar hanya bata da kyau, in ba haka ba wa zai saya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan waƙar.

Yaya Mairo (nas, Beljik): Alhaji jan ku yana kan hanya, kuma ba wanda ya ce ƙanƙara bata aiki. Tun da likita Thomas Starzl ya fara dashen hanta a Amurka a 1963, ya samu mara lafiya na farko da ya ɗan jima a raye a 1967, har aka samo ruwan adanawa na jami'ar Wiskonsin a ƙarshen shekarun 1980, da sanyi aka yi duk wannan tafiyar. In hantar saurayi ce lafiyayye kuma asibitin na kusa, kula da ƙanƙara sun wadatar har gobe. Matsalar ita ce irin wannan hantar yanzu ta yi ƙaranci, masu bayarwa sun zama tsofaffi, masu ƙiba, masu suga, hanta duk kitse, ga layin masu jira ya yi tsawo mutane na mutuwa a kan layi. Irin waɗannan hantocin ne sanyi ke illatawa.

Kuma ba bakin kamfani kawai bane, an yi gwaji na ƙa'ida aka buga a mujallar Nature a 2018, asibitocin Ingila da Beljik da Sifen da Jamus, dashe 220, aka raba da ƙuri'a wasu inji wasu ƙanƙara. Ma'aunin raunin hanta da ake gani a jini bayan aiki ya ragu da kusan rabi a na inji. Hantocin da aka zubar aka ce basu dasuwa, a ƙanƙara kusan 24 cikin 100, a inji kusan 12. Kuma duk da haka na injin sun fi daɗewa a waje, kusan awa 12, na ƙanƙara basu cika 8 ba.

Alhajin Duwala: To mutanen fa? Ni ba lambar jini na tambaya ba, waɗanda aka sa wa ta inji sun fi tsawon rai?

Dokta (Ngaundere): Nan kam Alhaji kun taɓa wajen. A wancan gwajin ba a ga bambanci ba wajen rayuwar marasa lafiya bayan shekara ɗaya, ba a ga bambanci wajen daɗewar hantar ba, haka matsalar hanyoyin madaci ma ba wani bambanci. Duk mai ce muku injin na ƙara wa wanda aka yi wa dashe shekaru to ya wuce abin da gwajin ya nuna. Amma ku duba ta wannan gefen, in cikin hanta 100 da ana zubar da 24 yanzu 12 ake zubarwa, mutum 12 kenan da suka samu hanta waɗanda da suna gida ciki na kumbura ido ya yi ɗorawa. Su basa fitowa a lissafin "wa ya fi daɗewa" don lissafin na waɗanda aka riga aka yi wa ne. Ni a wajena amfanin yana nan.

Ɗan Rumde: Dokta ban gane ba, me ya sa ake zubarwa tun farko? abu mai tsada haka

Yaya Mairo (nas, Beljik): Tsoro ne ƙanena. Hanta a cikin ƙanƙara bata magana, likita sai dai ya kalli launinta ya taɓa ta da yatsa ya duba shekarun mai ita da analiz ɗinsa wato gwaje-gwajen jininsa, sannan ya yi canke. In ya dasa bata tashi ba, mutumin nan kwana kaɗan gare shi sai dai a samo wata cikin gaggawa, don hanta ba kamar ƙoda bace da za a ce a mayar da shi diyaliz wato wankin ƙoda ya jira. Saboda haka in ya yi shakka sai ya ce a'a, kuma cikin waɗanda ake cewa a'a ɗin da yawa lafiyarsu ƙalau.

A kan inji kuwa gwada ta ake kafin a taɓa mara lafiya. Ana ɗibar jinin da ke zagayawa ana aunawa lokaci lokaci, akwai wani sinadari laktat da lafiyayyar hanta ke cinyewa, in ya sauka ƙasa cikin 'yan awoyi alama ce mai kyau. Ana duba ko tana riƙe tsamin jinin daidai da kanta ba sai an taimaka mata ba, ana duba yadda take sarrafa suga, jini na ratsa ta sumul ko da tirjiya, ruwan madacin da ka gani yana ɗiga a bidiyon nan ma aunawa ake, yawansa da ingancinsa. Wlh ranar farko da na ga yana taruwa a 'yar robar sai da tsigar jikina ta tashi, na yi ta subhanallah a zuci.

A Bamingam ta Ingila sun yi wani abu da ya fi burge ni, suka karɓi hanta 31 da duk cibiyoyin dashe na ƙasar suka ƙi, suka ɗora a inji, 22 suka ci jarrabawa aka dasa su, kuma duk mutum 22 ɗin suna raye bayan kwana 90. An buga shi a 2020. Amma kar in ɓoye, daga baya 4 cikinsu hanyoyin madacin sun tsuke sai da aka sake musu wani dashen.

Alhajin Duwala: Ahaf. Ga shi nan dai.

Dokta (Ngaundere): Eh wannan ita ce ƙafar da injin ɗumi ke ɗingishi da ita. Ƙananan hanyoyin madaci na cikin hanta sun fi komai saurin jin rashin jini, musamman in mai bayarwar zuciyarsa ce ta tsaya kafin a cire, an samu 'yan mintoci gawa da ɗumi jini baya zagayawa. Hantar zata iya cin laktat da kyau ka ce ta warke, bayan wata uku ko shida mutum ya dawo da shawara da ƙaiƙayi da zazzaɓi. Abin dariyar kuma a wannan fannin wani inji ne mai SANYI ya nuna hujja mafi ƙarfi, wanda ke tura ruwan sanyi mai oksijin na awa biyu kafin dashe. Mutanen Holan suka jagoranci gwajin aka buga a 2021, tsukewar hanyoyin madaci ta sauka daga 18 cikin 100 zuwa 6. Shi ya sa har yanzu likitocin kansu gardama suke, wasu na sanyi wasu na ɗumi, a Groningen ta Holan ma haɗawa suke, su fara da sanyi mai oksijin su ɗumama ta a hankali sannan su gwada ta a 37.

Goggo Asabe (Njamena): Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ni tambayata ɗaya, ɗan ƙanwata an kai shi Indiya aka yanki hantar matarsa aka sa masa, ban ji an ambaci wani inji ba, ko an cuce mu ne ba a sa ba?

Yaya Mairo (nas, Beljik): A'a Goggo ba a cuce ku ba, Allah ya ƙara masa lafiya ya saka wa matar da alheri. Wannan dashe ne daga mai rai, ɗakuna biyu ne kusa da juna, ana yanko ɓangaren hantar a nan ana shiga da shi can, lokacin da zata yi a waje kaɗan ne kuma an riga an tantance mai bayarwar lafiyayya ce. Inji ba shi da wani aiki sosai a nan. Kuma ikon Allah ita hanta tana tofowa, cikin 'yan makonni ta mai bayarwa da ta mai karɓa duk su kusa cika girmansu. Injin na hantar mamaci ne wadda za a ɗauko daga wani gari.

Goggo Asabe (Njamena): Alhamdulillahi hankalina ya kwanta. Allah ya yi muku albarka

Ɗan Fadan Kusiri: To kun ga inda nake so a zo kenan. Duk namu da ke fita dashen hanta, Indiya ne ko Masar ko Turkiyya, da ɗan'uwa suke tafiya, daga mai rai ake yi. A nan ƙoda ma sai 2021 aka fara dasawa a babban asibitin Yawunde. To wannan hirar ta inji ta wa ce? Mu da kuran wato wutar lantarki ke ɗaukewa ana tsakiyar ɗinki. Ku yi mana maganar abin da ke kashe mu mana.

Dokta (Ngaundere): Maganar kuran ba wasa bace ma, ita ce babban haɗarin injin. Hanta a ƙanƙara ko wuta ta ɗauke ba ruwanta. A digiri 37 kuwa tana cin oksijin da ƙarfinta, in famfo ya tsaya ko tiyo ya lanƙwashe ba a lura ba, mintoci kaɗan ta lalace. Akwai batir a jiki amma dole mutum ƙwararre ya zauna kusa, ga jini da za a ɗebo daga bankin jini wajen leda uku don injin kawai, ga robobin da ake jonawa sau ɗaya ake amfani da su a zubar kuma kuɗinsu miliyoyin sefa ne. Mu da ake ce wa dangi su nemo mai bada jini kafin a shiga da mai haihuwa, ka ga akwai tafiya.

Abin da ke cinye hantar mutanenmu kuwa kowa ya sani, ciwon hanta nau'in B ne, a ƙasar nan kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da shi kuma arewa ta fi kudu, yawanci tun yarinta aka ɗauka ba a sani ba sai an kai shekara 35 ko 40 ciki ya fara tara ruwa. Ga gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a rumbu, gubarsu in ta haɗu da B ita ke kawo kansar hanta. Allurar rigakafin tana cikin na yara tun 2005 a Kamaru, wadda ake so ma a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Mai ɗauke da shi kuma akwai maganin tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, in likita ya ga ya cancanta. Ku je a yi muku gwajin, ku daina jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba don wasu su ke ƙarasa hantar.

Yaya Mairo (nas, Beljik): Na yarda da Dokta ɗari bisa ɗari, amma Ɗan Fada kar ka ce hirar ba tamu bace. Ka duba faɗin ƙasashenmu. Ko da an wayi gari an buɗe cibiyar dashe, ɗaya ce za a yi, a Yawunde ko Duwala ko Njamena. Jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde dare guda yake ci, balle daga Marwa, jirgin sama kuma ba kullum ba. Da ƙanƙara da wuya hantar arewa ta isa kudu da amfani. Ƙasa mai nisa da ƙarancin likitoci ita ta fi buƙatar awa 24 ɗin nan fiye da Beljik da zaka ratsa ta cikin awa uku a mota. A nan ma babban abin da ma'aikata ke so game da injin shi ne an rage aikin ƙarfe biyun dare, hanta ta iso da daddare a jona ta, likita ya yi barcinsa ya shigo da safe da idonsa biyu, mara lafiya ma in daga nesa yake ya samu lokacin isowa.

Baffa Mahauci (Marwa): Hajiya Mairo tunda wanke ta injin yake da jini, in mai ciwon B ɗin ne ya mutu zai wanke ciwon ya fita? da mai kitsen nan fari-fari da muke gani

Yaya Mairo (nas, Beljik): Baffa ciwon B baya fita, a cikin ƙwayoyin hantar yake zaune ba a jini kaɗai ba. Kitse kuwa ana kan bincike, ana zuba magunguna a injin a ga ko zata narkar da shi, amma bai zama aikin yau da kullum ba. Abin da ke sa mutane zumuɗi shi ne in aka iya riƙe ta kwanaki to za a iya yi mata magani a waje. A Zurik ta Suwizalan a 2021 sun riƙe wata hanta da kowa ya ƙi har kwana 3 a wani inji nasu na musamman, suka ba ta maganin ƙwayoyin cuta suka bincika wani ƙari da ke jikinta suka ga ba mugu bane, suka dasa wa wani mutum, bayan shekara yana nan lafiya. Mutum ɗaya ne dai, kar a ɗauka an gama.

Ɗan Rumde: Modibbo kuna nan kuwa? tun ɗazu nake son in ji ta ɓangaren addini, cire wa mamaci hanta ba cin mutuncin gawa bane?

Modibbo: Ina nan ɗana, ina karantawa. Malamai sun yi saɓani kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu hanawa suna cewa jiki amana ne ba mallakar mutum ba, kuma alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci don ceton mai rai, da sharaɗin shi ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa su yarda, kuma ba ciniki, sayar da gaɓa haramun ne. Kafin nan a Amman a 1986 sun tattauna mutuwar ƙwaƙwalwa suka karɓe ta in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ba dawowa. Ni abin da ya tsaya min a rai cikin bayanin Hajiya shi ne zubarwar nan. Iyali sun danne zuciyarsu sun bada izini an buɗe ɗansu, sannan a ce ba a yi amfani da ita ba saboda shakka. In akwai abin da zai rage wannan to ta fuskar shari'a ma yana da nauyi, don larurar da ta halatta buɗewar ita ce a ceci wani.

Alhajin Duwala: Allah ya gafarta Malam wannan kam na karɓa. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, duk hanta a ce sai an ɗora ta a inji, wannan cin kuɗi ne.

Dokta (Ngaundere): Ai asibitoci da yawa ma ba duka suke ɗorawa ba Alhaji. Wasu da ƙanƙara suke ɗauko ta kamar da, sai ta iso gida in sun ga mai shakka ce ko aikin zai yi jinkiri sannan su jona ta, ya fi araha kuma ba sai an yi ta jigilar inji a mota ko jirgi ba. A Amurka kuwa da hukumarsu ta magunguna ta amince da injinan a 2021 akwai kamfanin TransMedics da ke zuwa da nasa injin har inda mamacin yake, a gwajinsu hantar da ke jinkirin tashi bayan dashe ta ragu daga 31 cikin 100 zuwa 18, sai dai kuɗin can ba a magana.

Ɗan Fadan Kusiri: Dokta gwajin B ɗin nan sai an je babban asibiti ko ƙananan santar ma suna yi? kuma mutum sai ya je da azumi?

Dokta (Ngaundere): Ba sai da azumi ba, digon jini ne a yatsa, minti 20 ka samu sakamako, wurare da yawa masu laboratuwar suna yi, ka ce musu AgHBs. In ya fito babu ka tambayi allurar manya, guda uku ce cikin wata shida. In ya fito akwai kar ka tsaya a nan, sai an ƙara wasu analiz da eko wato hoton ciki kafin a san ko kana buƙatar magani, kuma ka kai madam da yaran su ma a duba su.